Yadda Na Duba Takardun Nizam

Ranar walimar yayarku Asma'u, Kabiru ya miƙe a gaban jama'a ya ce Baba mutum ne mai hangen nesa, wai tun mutanenmu ba su san hanyar karatun likita a waje ba na gano ta. Aka yi ta tafi. Ni kuwa ina zaune da kofin zoɓo a hannu na rasa inda zan sa idona, don mahaifiyarku tana ɓangaren mata tana kallona, kuma na san irin kallon nan. Tun ranar nake so in gyara wannan magana, kafin ta zauna a kanku ku riƙa gaya wa 'ya'yanku. Ba hangen nesa ne ya kai Asma'u Ƙasar Sanyi ba, kamar yadda muke kiran wurin a gida. Bakina ne ya kai ta, kuma ba ita kaɗai ya kai ba.

Kun san na shekara ashirin da ɗoriya ina aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, a unguwar Naif da ke Dubai. Ofishina, in ma ya cancanci sunan, ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya da sikeli a bakin ƙofa. Bango ɗaya ne tsakanina da shagon Ashraf, Ba'indiye mutumin Kerala, musulmi, mai sayar da takalman mata. Mutanenmu na Kano su yi sari a wurinsa, a turo kwalaye ƙofata, in auna in rubuta in tura. Sahu ɗaya muke salla, kuma bayan la'asar ba mu taɓa fashin shan shayi tare ba. Yana kirana Haji bhai, wato ɗan'uwa. Abin da ya fi girmama ni a kai shi ne takarda. Duk lungun an san cewa in takardar kaya ta rikice a kawo wa Alhaji, zai ɗaga ta ya kalli hatimi ya faɗi inda matsalar take. Ba zan ɓoye muku ba, wannan suna ya shiga kaina, har na fara jin babu takardar da za ta gagare ni a duniya.

Ashraf yana da ɗa namiji guda ɗaya, Nizam. A gabanmu ya tashi, a bakin matan Kano ya koyi Hausa, shi ya sa har yau in ya ce "haba Hajiya, ba ragi" sai ka rantse a Kwari aka haife shi. Tun yana ƙarami ubansa ke kiransa Dokta, har sunan ya bi shi a lungu. A ƙasarsu akwai wata jarrabawa guda ɗaya da duk mai son karatun likita sai ya zauna, kuma maki biyu ake kallo a cikinta. Akwai makin da za a ce ka cancanta, akwai kuma na can sama wanda zai ba ka gurbi. Wannan bambanci daga baya na fahimce shi, lokacin da fahimtar ba ta da sauran amfani. Nizam ya zauna, bai kai ko na farkon ba, ɗan kaɗan ya rage masa. Kwana uku Ashraf yana buɗe shago yana zaune bai kunna fitilar cikin gilashin takalma ba.

Daga nan sai masu shawara suka taso. Indiyawan lungunmu kowa da abin da ya sani game da karatun likita a waje, kuma ba biyu da suka zo ɗaya. Mai jakunkuna ya ce makarantun can na ragwaye ne, shaidarsu ta bogi ce, tunda kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu a Indiya ba. Mai agogo ya ce ƙarya ne, shaidar da ta fito daga ƙasar Turawa ko ina ka kai ta a duniya za a ba ka asibiti. Wani ya ce sai yaro ya ɓata shekara yana koyon yarensu, wani ya ce ko kalma ɗaya ba zai buƙata ba, komai da Turanci ne. Akwai wanda damuwarsa duk a kan shinkafa take, wai yaron zai rame ya dawo. Ashraf ya saurari wannan ya saurari wancan, ya shigo wurina yana dafe da kai.

"Haji bhai, kaina ya cika. Akwai wani dillali a Port Saeed, nan cikin Dubai, mai tura yara karatu waje. Ka raka ni ka duba takardunsa. Abin da ka ce, khalas, magana ta ƙare, shi zan yi."

Muka tafi bayan azahar, mu uku da Nizam. Ofis ne mai sanyi a hawa na sama, ta taga kana hango jiragen ruwa na katako ana loda musu firji da tayoyi. Dillalin ya shimfiɗa mana takardu, ya nuna mana hoton gini cikin dusar ƙanƙara, ya buɗe kwamfuta ya nuna mana sunan makarantar a jerin makarantun likita na duniya. Ashraf ya yi tambayar da ta kawo shi, ya ce yaron bai ci jarrabawar gida ba.

"Habibi, makarantar nan ba ta tambayar wannan," in ji dillalin. "Sakamakon sakandare da fasfo, shi ke nan."

Sai aka turo mini takardun. Na sa tabarau, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina kallon haske, na shafa hatimi da ɗan yatsa, na gwada sa hannu da sa hannu, na duba kwanan wata. Takardun nan lafiyayyu ne, har gobe ina kan wannan, ba jabu ko ɗaya a ciki. Na cire tabarau na ce wa Ashraf takarda ta yi. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma ina ganin yadda suke kallona, uba da ɗa da dillali, sai na ji ya kamata in ƙara musu da ilimi. Na ce ai wannan a wurinmu tsohon abu ne, kaya in suka ƙi shiga ta Legas sai a sauke su a Kwatano su shigo ta ƙasa, ƙarshenta dai Kano za su kwana. Na ce yaro ya je can ya zama likita, Indiya ta ga likita a ƙofarta ta ce ba ta so? Dillalin ya yi dariya ya ce Haji ya san duniya. Na ji daɗin maganar nan, Allah ya yafe mini.

A bakin lif Ashraf ya riƙe hannuna.

"Haji bhai, in ɗanka ne, za ka tura shi?"

Ku da ba ku yi kasuwa ba ba za ku san nauyin wannan tambaya ba. A Naif, in ka yaba wa mutum kaya ya ce maka kai za ka saya, to an zo wurin. In ka yi inda-inda, maganarka ta mutu a lungun, ba wanda zai sake tambayarka ko farashin igiya. A lokacin Asma'u tana Dubai tare da mu, ta nemi likitanci a gida sau biyu ana ba ta wani fannin daban, ta zo tana taya mahaifiyarku zaɓen abaya. Ban taɓa tunanin tura ta ko ina ba, ko sau ɗaya. Amma na ji bakina yana cewa ba ma ɗa ba, 'yata zan tura, jirgi ɗaya za su hau. Muka koma ciki na karɓi fom na biyu.

Da na isa gida na ajiye fom ɗin kusa da kwanon abinci, mahaifiyarku ta karanta abin da za ta iya, ta tambayi sauran.

"Alhaji, ina ne ƙasar?"

Na faɗi sunan.

"Tana ina?"

Na ce can sama, wajen sanyi.

"Wa ka sani a can?"

Na ce Nizam.

"Nizam da ko tikiti bai yanka ba? Alhaji, 'yar mutum ce fa, ba kwantena ba. In ta gama, wa ya ce maka za a karɓe ta a gida? Ka tambaya?"

Na ce mata na duba takardu. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ba ke nan. Na ɗaga murya na ce shekara ashirin ina cin abinci da takarda, ba yau za a koya mini ba. Asma'u kuwa tana bakin ƙofar kicin ta ji komai, ta zo ta durƙusa ta ɗauki fom ɗin da hannu biyu tana kuka tana cewa Allah ya saka wa Baba da alheri, ashe Baba yana tunaninta. Wannan godiya ta fi faɗan mahaifiyarku yi mini ciwo, kuma ita ta rufe mini hanyar janyewa.

Ana saura kwana biyu su tashi, Ashraf ya sayi abin nan da likitoci ke ratayawa a wuya suna sauraron ƙirji, mai kyau, ya kai wa wani maƙerin zinariya a unguwar Al Ras ya zana masa Dokta Nizam a bayan ƙarfen. Ya kawo ya nuna mini yana ta goge shi da gefen rigarsa. Na ce ai da ya bari sai yaron ya gama. Ya ce Haji bhai ya duba takarda, me ya rage?

Watannin farko sai labari mai daɗi, in ban da sanyi. Abu ɗaya ne ya fara nuna mini cewa masu shawarar lungunmu duk rabi-rabi suka sani. Asma'u ta kira ta ce karatu da Turanci ne kamar yadda aka faɗa, amma an kai su asibiti su gani, ta tarar tsofaffin da ke kwance ba wanda ya san ko gaisuwa da Turanci, kuma ba a sauraron ciwon mutum sai da yarensa. Dole suka shiga ajin yare. Ta ce Nizam ya fi kowa kamawa, mutumin da ya koyi Hausa a bakin matan Kwari me zai gagare shi. Na kai wa Ashraf wannan labari, ya raba wa lungu alewa.

Wajen wata na takwas abin ya fashe. Wasu Indiyawa da ke ajin ƙarshe suna cike takardun jarrabawar komawa gida, wadda hukumar likitocin ƙasarsu ke yi wa duk wanda ya yi karatu a waje kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci. Nizam ya leƙa ya ga akwai gurbin da ake rubuta shaidar cin waccan jarrabawa ta farko. Ya ce shi ba shi da ita. Suka dube shi suka ce to me ya zo yi nan? Da rana tsaka Ashraf ya shigo ofishina da waya a hannu, ana jin muryar yaron a ciki, ya ajiye ta a kan sikelina ya zauna a kan kwali.

Sati uku muka yi muna yawo cikin duhu. Wannan ya ce yaron ya zauna jarrabawar yanzu, za a haɗa masa. Wancan ya ce ba a haɗawa, dole ta riga shiga makaranta, in ya ci ma sai ya sake daga ajin farko. Mai agogo, wanda ya ce shaidar Turawa ko ina tana aiki, ya koma cewa shi dama ya san za a yi haka. Wani ya ce a manta da Indiya, ya gama ya zo Dubai ya yi aiki. Muka bincika aka ce nan ma sai ka zo da lasisin wata ƙasa da shaidar ka yi aiki a can. Wani ya ce to ya zauna a Ƙasar Sanyi har abada. Ashraf ya ce ɗa ɗaya gare shi. Kullum in kwanta da magana ɗaya in tashi da kishiyarta, har na kai ina auna kaya ina mantawa da abin da sikeli ya nuna. Ƙarshe muka koma Port Saeed. Ina tafe ina shirya irin wankin babban bargon da zan yi wa dillalin nan. Ya saurare mu har muka gama, bai ko ɗaga murya ba.

"Ni na ce muku makaranta ba ta tambaya. Ta tambaya?"

Ba ta tambaya ba. A nan tsaye, ina kallon jiragen katakon nan ta taga, na tuna abin da nake gaya wa duk sabon ɗan kasuwa da ya shigo ofishina: ba tashar da aka loda kaya ce ke da magana ba, tashar da za a sauke su ce. Kafin in karɓi kwali ɗaya sai na san abin da ake nema a inda zai sauka. Shi ne farkon abin da na koya a wannan sana'a. Ranar da aka kawo mini ɗan mutum, sai na duba takardun lodi kawai na sa hannu. Har yau ban gane yadda aka yi na manta ba. Na juya abin ya fi sau dubu, ban samu amsar da ta wuce cewa ana kallona ina jin daɗi ba.

A hanyar komawa Ashraf ya sake tambayata.

"Haji bhai, Nizam ya zauna can ko ya dawo?"

Na ce ban sani ba. Karo na farko ke nan da ya ji wannan kalma a bakina. Ya dube ni kamar yana jiran sauran maganar, babu sauran.

Nizam ya dawo da kansa, ya ce zai sake jarrabawar gida. Ni kuma hankalina ya koma kan Asma'u. Sai a lokacin na yi tambayar da mahaifiyarku ta yi mini tun farko, aka ce mana a namu ɓangaren ba a neman wata shaida kafin tafiya, in ta gama ta dawo ta zauna jarrabawar hukuma, in ta ci shi ke nan. Wato yarinyar da na jefa don in kare maganata hanyarta a buɗe take, yaron da aka yi tafiyar dominsa tasa a rufe. Maimakon in yi hamdala sai na ji kunya ta rufe ni. A ƙa'idarmu, in ka tsaya wa mutum a kan kaya suka lalace, ba ka fita da naka lafiya ka bar shi da asara. Na yanke shawara Asma'u ma ta dawo. Na gaya wa mahaifiyarku.

"Ka tura ta don kada a ce ka yi ƙarya, yanzu za ka dawo da ita don kada a ce ka ci riba. Ita yarinyar fa, Alhaji, yaushe za a yi wani abu dominta?"

Ban saurare ta ba. Na je na kama tikiti. Abin da ban sani ba shi ne ta ɗauki waya ta kira matar Ashraf. Washegari da hantsi ina cikin auna kwalaye sai ga shi ya shigo, ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe. Bai zauna ba.

"An ce za ka dawo da Asma'u."

Na ce haka ne, ba zan iya haɗa ido da shi ba in tawa tana can nasa yana nan.

"In ta dawo, Nizam zai zama likita?"

Na ce ba zai zama ba.

"To ka bar ta. Mun tura biyu, Haji bhai. Ka bar mini ɗaya."

Ya juya ya fita. Na zauna a kan kwalin da ya zauna ranar nan na yi kuka, mutum da furfura, masu dako suna wucewa suna kallona. Na soke tikitin. Sai bayan shekara biyu Asma'u ta gaya mini cewa ranar da Nizam zai baro can ya kawo mata abin sauraron ƙirjin nan a ƙofar masaukinsu, ya ce ta riƙe masa kafin ya dawo.

Ya sake zama jarrabawar. Shekara guda ya yi ba tare da littattafanta ba, kansa ya cika da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi waɗanda ba a tambaya a ciki. Wannan karon ratar ta fi ta farko. Ya ce khalas, ya shiga shagon ubansa. Ko da ya zauna can da wata hanya ta ɓullo masa? Ko da bai tafi ba tun farko ya sake jarrabawar da zafinta da ya ci? Na tambayi mutane da yawa, kowa da tasa amsar, kamar dai wancan lokacin. Ni ban sani ba.

Ashraf bai taɓa gaya mini magana marar daɗi ba. Mun ci gaba da salla sahu ɗaya da shayin la'asar har na tattara na dawo Kano. Abu ɗaya ne ya canja. Wata rana muna shan shayi aka kawo masa wata takarda daga masu gini, na ga ya juya ta sama da ƙasa bai gane ba. Na miƙa hannu kamar yadda na saba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ƙara mini shayi.

Da na je Dubai bara na biya ta lungun. Nizam ne a bayan kantar shagon, ya yi ƙiba, yana da 'ya'ya biyu, wasu mata uku 'yan Kano sun sa shi a gaba suna cewa haba Dokta, ka rage mana mana. Sunan bai bar shi ba, su kuma ba su san daga ina ya samo asali ba. Ya zagayo ya rungume ni.

"Baba Alhaji, yaya likitarmu? Har yanzu tana aiki da abin nan?"

Na ce tana yi, robar ta tsage an canja sau biyu, amma ƙarfen yana nan.

"Ka ce mata ta sa a goge sunan. Marasa lafiya za su rikice."

Na kawo mata saƙon, ta ce ba nata ba ne balle ta goge, ajiya aka ba ta.

Wannan ita ce maganar, Kabiru, kai da ƙannenka. Ku yi alfahari da yayarku, ita ta sha sanyin, ita ta ci jarrabawar. Amma duk ranar da wani ya sake cewa Baba yana da hangen nesa, ku je asibiti ku same ta, ku ce ta ciro abin da ke wuyanta, ku juya bayan ƙarfen ku karanta sunan da ke jiki.